Aiken da Na Yi wa Bappa Julde

Tun da na dawo daga Kebbi malaman makarantarmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce, "Bilki, ya garin naku?" Waccan ta ce ina tsarabar albasa. Na gaji da cewa lafiya lau, don ba lafiya lau ba ne, kuma ban kawo wa kowa albasa ba. To ga labarin nan na rubuta sau ɗaya, duk mai son ji ta karanta, ta bar ni.

Babana, Alhaji Mamman, mutumin Jega ne, kasuwanci ya kawo shi Kano tun yana saurayi, a nan aka haife mu. Amma bai taɓa rabuwa da shanunsa ba. Suna can wata ruga a yankin Kuberi, bayan Maiyama, a hannun wani Bafulatani mai suna Julde, wanda mahaifinsa ma shi ya yi wa kakanmu kiwo. Bappa Julde muke ce masa. Da Baba ya rasu aka yi rabon gado, saniya ɗaya ja ta faɗo a kaina, na bar ta inda take. Mai sa ido a kan dukiyar gidanmu ta can shi ne ƙanen Baba, Baffa Sani, da ke zaune a unguwar Magaji cikin Jega.

Da damina ta kankama bana, iska ta kwashe rufin ɗakin mahaifiyata. Sai na ɗauki waya na kira Bappa Julde, na ce ya kai jar saniyar nan kasuwa ya sayar, a gyara ɗakin da kuɗin. Ban gaya wa Baffa Sani ba, kuma da gangan na ƙi. Na san halinsa: sai ya yi wata uku yana cewa a dakata, ya ƙare da cewa me mace ta sani game da saniya. Na ga dabbata ce, bakina ne, wa zan tambaya? Wannan wayon nawa na 'yan birni shi ya jawo komai.

Bayan 'yan kwanaki Dije, matar Bappa Julde, ta kira ni da wayar wani maƙwabcinsu. Ta ce 'yan sa-kai sun kama Bappa Julde a wata kasuwar ƙauye, wai saniyar sata ya kawo. Ashe an kafa doka a yankin, Bafulatani ba ya shiga da dabba kasuwa sai da mai ita a gefensa ko takardar hakimi. Ni ina Kano ina gyaran jarrabawar yara, ban san da ita ba. Ta ce ba za su sake shi ba sai mai saniyar ya zo da ƙafarsa ya tsaya. Ta ƙara da cewa, "An ce ɗaure shike, Bilki."

Washegari na shiga mota. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba zan ce komai a kanta ba, sai dai akwai inda muka kai duk motar ta yi tsit, har wani mai tallan maganin basur da ya cika mu da surutu tun daga tasha ya koma jan carbi. Na kwana Sakkwato gidan wata ƙawata da muka yi makaranta tare, da safe ta cusa mini ƙosai a leda ta sa ni motar Jega.

A kan iyakar Sakkwato da Kebbi muka tarar da shinge, katako ne mai ƙusoshi an gitta a titi. Mu goma sha ne a motar, amma mutum ɗaya aka ce ya sauko: wani Bafulatani magidanci mai malafa, matarsa na gefensa da goyo. Aka sa ya tuɓe riga a bakin titi, aka dudduba kafaɗunsa wai ko akwai kantar igiyar bindiga, aka buɗe tafin hannunsa aka shinshina. Ni ba wanda ya tambaye ni ko sunana, alhali da jakata cike take da harsashi da na wuce da shi lafiya. Wata mata kusa da ni ta taɓe baki ta ce, "Su ka jawo ma kansu." Na juya zan ba ta amsa, sai na tuna ina da inda za ni, na haɗiye. Mutumin ya dawo yana ɓalle maɓallin riga, bai kalli kowa ba, matarsa kuwa ta kafe ido a kan tagar mota. Har yau ina jin haushin shirun da na yi.

Muka ratsa Aliero, warin albasa ya shigo motar tun kafin mu ga gari, muka isa Jega da hantsi. A tasha na ce a kira mini ɗan acaɓa, wasu masu lodi suka bushe da dariya, suka ce Bakanuwa ta zo. Can kabu-kabu suke cewa. Wanda na hau kuwa ya ɗauka sabon buhu aka ɗora masa, ya bi da ni ta cikin kasuwar kifi har gyalena ya kwaso ƙaya.

Gidan Gwaggo Kulu na sauka, yayar Baba, tsohuwa mai sayar da busasshen kifi a zaure, wadda bakinta ya fi nawa kaifi. Gaisuwar mutanen can ba irin tamu ba ce ta a-yi-a-wuce. Sai da ta tambayi mahaifiyata, da ƙannena ɗaya bayan ɗaya, da gajiya, da ruwan Kano, sannan ta koma farko. Sai da ta gama na samu na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar yakuwa, wadda su suke kira sure, da kifi har ya fi tuwon yawa. Na ce ba zan iya ci ba. Ta ce, "Ci. Wanda za shi hwaɗa da Sani ba ya zuwa da yunwa."

Mun tarar da Baffa Sani a ƙofar gida kan tabarma, yana sauraron rediyo. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baffa, ka ji abin da ya sami Bappa Julde?"

Ya rage muryar rediyon. "Na jiya. Sun kira ni tun ranar. Sunka ce wani Bahillace ya kawo saniya kasuwa, wai ta gidanmu ta. Nic ce ban san da maganag ga ba."

"Ka ce ba ka sani ba?"

"Ƙarya niy yi? Wa yag gaya mani? Ke kinka yi aikenki dab bisa kaina, kamar na mutu."

Nan ne na gane. Da ya buɗe baki ya ce, i, na san Julde, makiyayinmu ne, bari in tambayi yarinyar, da a ranar aka sake shi. Amma don ya nuna mini cewa shi ne babba, ya bar dattijo ɗaure. Na ce na yi laifi, na roƙi gafara, na ce ya taso mu je. Ya girgiza kai.

"Ke gobe kin koma Kano. Mu muna nan. In na tahi na ce Bahillace nawa na, jibi a ce Sani shi ka kai ma ɓarayi abinci daji. An yi ma wasu haka, ina su yanzu?"

Ba zan ce tsoronsa ƙarya ne ba. Amma Gwaggo, da ke tsaye tana dogara da bango, ta ce, "Sani, sadda Inna tay yi ciwo bayan haihuwarka, nonon wa anka ba ka? Uban Julde ka kawo shi kullum da sahe, da ƙahwa, har kay yi wayo." Ya ƙara muryar rediyo. Na tashi ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba a rayuwata, kuma ban yi nadama ba.

Gwaggo ce ta kawo dabara. Ta ce mu je kara, wato kasuwar shanu, mu nemi Mani dillali, wanda ya yi shekara da shekaru yana saye da sayarwa da Baba. Kowane gida mai shanu yana da shaidarsa ta wuta a cinyar dabba, dillalai kuwa sun haddace su kamar yadda na haddace sunayen 'yan ajina. Mun same shi yana duba haƙoran wani bijimi, gajere ne mai furfura, goro ya rine masa baki. Da ya ji zancen sai ya goge hannu a riga. "Shaidar Alhaji Mamman? Zane ukku kamar ƙahwar kaza, cinyar hagu. Ko makaho nike na san ta. Gobe da sahe mu tahi." Ban roƙe shi ba, bai kuma tambayi abin da za a ce da shi jibi ba.

Da safe muka shiga motar Maiyama mu uku, don Gwaggo ta rantse ba a barinta. Daga Maiyama sai kabu-kabu, hanyar Kuberi kuwa damina ta gama da ita. A wani kwazazzabo aka ce kowa ya sauka ya taka, laka ta cinye mini takalmi ƙafa ɗaya, na lalube ta har gwiwar hannu ban samu ba. Gwaggo ta ce da ma takalmin 'yan boko ba na zuwa ko'ina ba ne. Haka na isa rugar da silifa ɗaya nawa, ɗaya aron wata yarinya.

Rabona da rugar tun ina 'yar shekara goma, lokacin da Baba ya kai mu hutu. Abin da na tarar yanzu bukkoki ne da yawa babu kowa a ciki. Dije ta shimfiɗa mana tabarma ta dama fura da nono mai kauri irin wanda a Kano sai dai mu ji labari. Ta ce nonon yana musu yawa yanzu, don matan ruga sun daina kai shi kasuwa. In sun je, sai a ce leƙen asiri suka zo yi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce da ni ke kika jawo ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Inda suke tsare da shi wani tsohon ɗakin ajiyar taki ne a bakin wani ƙauye, mai ƙofar ƙarfe ba taga. Matasa ne a gindin bishiya da bindigogin toka da layu har wuya. Shugabansu, da suke kira Kwamanda, ba zai wuce sa'ar ƙanena ba. Na ce masa ni ce mai saniyar, ni na yi aiken, ga katina na aiki, ga lambar da na kira a wayata.

Ya kalli katin a juye. "Hajiya, ke baƙuwa ta, kuma mace. Mun kira namijin gidan, ya ce bai sani ba."

Na ce, "To saniyar namijin gidan ce ko tawa? Kwana nawa kuna riƙe da mutum, kun kai shi gaban alƙali? Kun kai shi wurin 'yan sanda?"

"Mu kai shi, gobe a sako shi?" Ya nuna wata gona da hannu. "Can anka kashe yayyena biyu suna noma. Wane alƙali yaz zo?"

Na yi masa ta'aziyya, kuma har zuciyata na yi ta. Amma na ce masa Julde bai kashe yayyensa ba, shi ma ɓarayin nan sun kore masa shanu bara, kowa ya sani. Wanda aka zalunta ya tashi ya kama wanda ya fi shi rauni ya ɗaure, wannan ba tsaro ba ne. Gwaggo ta dafa ni ta ce in yi a hankali. Mani ya matso, cikin sanyin murya ya ce a fito da saniyar kawai, shi zai karanta shaidar, in ba ta gidan Alhaji Mamman ba ce a haɗa da shi a ɗaure.

Sai aka fara kallon juna. Ɗaya ya ce ai saniyar ta kasa, ta ƙi cin abinci, aka yanka kada ta mutu mushe. Wato sun cinye ta. Sun kama mutum a kan saniya, sun ɗaure shi a kan saniya, sun soye saniyar sun ci, shi kuma yana ciki yana jin ƙamshi. Wallahi a lokacin da ina da ƙarfin namiji da an yi abin kunya.

Mani ya sulale daga cikinmu. Ya zagaya bayan ɗakin kamar mai neman wurin fitsari, sai ga shi yana kiran mu. Fatar ce a shanye a ƙasa, an kafe ta da turaku, ja, ƙudaje na bi. Ya tsuguna ya share ƙasa daga wajen cinyar hagu da tafin hannunsa. Zane uku, kamar ƙafar kaza. Ya ce, "Ga ta. Ni da hannuna na riƙe ƙarhen da anka yi ma uwatta irin wagga. A kira duk dillalin da kuka so, daga nan har Jega."

Ba a kira kowa ba. Kwamanda ya ce a buɗe ƙofa.

Bappa Julde dogo ne, yadda na san shi, mai tafiya kamar ba ya taka ƙasa. Wanda aka fito da shi sai da mutum biyu suka riƙe. Sun ɗaure masa hannuwa ta baya, gwiwar hannu da gwiwar hannu, da igiyar roba irin ta ɗaure kaya a babur. In sun kwance da rana ya yi salla, su mayar. Kwana tara. Da aka warware igiyar hannuwan suka zubo gefensa kamar ba nasa ba, sun kumbura, yatsun sun lanƙwashe ciki. Ya dube ni ya ce, "Bilki, kin sha hanya. Ƙaƙa mutanen gida?"

Ba wanda ya ce a yi haƙuri da abin da aka yi masa. Abin da Kwamanda ya ce shi ne, "To Baba, ka gode ma Allah. Gaba a riƙa bin doka." Har wani daga cikinsu ya tambaye ni ko zan tafi da fatar.

Mani ya ce kada mu ɓata lokaci, mu wuce Aliero, garin masu ɗori ne, har daga wasu ƙasashe ana kawo musu karaya. Muka ɗora shi a babur tsakanin direba da Mani, Dije ta biyo mu, daga Maiyama muka ɗauki shatar mota. Da muka ratsa Jega Gwaggo ta sauka. Ta ce za ta je ta gaya wa Sani abin da ta gani da idonta, ko ya kashe rediyo ko kada ya kashe.

Gidan mai ɗorin da aka kai mu babba ne, rumfuna jere, kowace da majinyata kwance, ƙafafu da hannuwa a ɗaure da karare da tsumma. A Kano in ka je asibiti sai ka yanki kati ka jira. Nan ba a tambaye mu ko daga ina ba, aka ba mu tabarma da buta, wata mata da ke jinyar mijinta direban tirela ta matsa mana wuri. Ban ga an tuɓe wa kowa riga don a san ƙabilarsa ba.

Mai ɗorin dattijo ne mai manyan yatsu. Ya zauna gaban Bappa Julde ya bi hannun dama da babban yatsa tun daga kafaɗa har wuyan hannu, a hankali, ya koma na hagu. Ya tsikari tafin da tsinke ya ce, "Ka ji?" Na hagu ya ɗan motsa. Na dama ko alama. Ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya ajiye masa shi a kan cinya kamar mai ajiye ƙwai.

"Hajiya, ni ƙashi nika gyarawa. Nan babu ƙashin da yak karye. Jijiya ta, igiya ta kashe ta. Ku kai shi babban asibiti, ƙila su ceci na hagu. Wanga na ukku ke nan da anka kawo mani bana da irin ɗaurin ga."

Na tambaye shi na daman fa. Ya ce Allah ke da iko. Na san abin da ake nufi in an faɗi haka.

Hannun da yake tatsa da shi ke nan, da shi yake riƙe sanda, da shi yake jan guga ya shayar da dabbobin mutanen da ba su iya cewa sun san shi ba. Na fita bayan rumfa na yi kuka mai isata, na fushi, ba na tausayi ba. Fushi da Kwamanda, da Baffa Sani, da matar cikin mota, da ni kaina da na zauna a Kano na danna waya na aiki dattijo cikin wuta don ina ƙyashin gaishe da baffana.

Da na dawo Dije ta dama fura a ƙwarya ta ajiye a gabansa. Ya kai hannu ga ludayin, hannun bai je ba. Ya sake gwadawa da na hagu, ludayin ya kife a tabarma. Bafulatanin dattijo ba ya cin abinci a gaban 'ya'ya ko da lafiyarsa, balle a ba shi a baki. Dije ta ɗauki ludayin ta dube ni, na gane, na miƙe zan ba su wuri.

Sai ya kira ni. "Bilki."

Na durƙusa. Na buɗe baki zan roƙe shi gafara, ya riga ni.

"Ki yi hanƙuri, ɗiyata. Tun zamanin babanki ba a taɓa aikena ban cika ba. Ga damina, ga ɗakin uwarki buɗe." Ya dubi hannun da ke kwance a cinyarsa. "Akwai ɗan maraƙin jar saniyar can ruga, na yaye shi. Amma wannan karon sai ki samo wanda zai ja shi."